Da Tsohuwar Zuma A Ke Magani

A cikin watan Janairu na shekarar 2020 aka yi gwanjon wata tsohuwar mota a Amurka, ƙirar Datsun 240Z ta shekarar 1971, aka sallama ta a kan dala 310,000. Sa'ad da irin wannan mota ta fito sabuwa fil, kuɗinta bai wuce dala 3,500 da 'yan kai ba. Tun kafin wannan, a shekarar 2013, an sayar da wata Toyota 2000GT a kan kuɗin da ya haura dala miliyan 1, a shekarar 2022 kuma wata 'yar'uwarta ta kai dala miliyan 2.5. Duk wanda ya ji wannan labari ba tare da ya san tushensa ba, lalle zai ce ko dai masu sayen sun zautu, ko kuwa kuɗi ne ya yi musu yawa har suka rasa inda za su kai shi.

Mu dai ba mu ga zautuwa a cikin sha'awar tsofaffin motocin gudu na Japan ba. Abin da mu ke nufi da motocin gudu shi ne ƙananan motocin nan, galibi masu ƙofa biyu, waɗanda a ke ƙerawa don sauri da daɗin tuƙi, ba don ɗaukar kaya ko fasinja ba. Masu sha'awarsu sun kasu uku: akwai mai kallo, akwai mai saye, akwai mai gyara. Ra'ayinmu shi ne, na ukun nan shi ne ginshiƙin al'amarin duka, shi ya cancanci yabo. Abin da mu ke tsoro kuwa shi ne kada tsadar da motocin suka yi ta kore shi daga fage, a bar masu ɓoye mota suna jiran ta ƙara kuɗi.

Raina Kama Ka Ga Gayya

Kafin a gane dalilin wannan sha'awa sai an tuna inda Japan ta fito. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kayan Japan abin ba'a ne a kasuwannin Turai da Amurka, a kan ce araha gare su, amma ba su da ƙarko. A shekarar 1952 kamfanin Nissan ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Austin na Ingila don ya riƙa harhaɗa motocinsa, ya koyi aiki. A shekarar 1958 Toyota ya fara sayar da motarsa Toyopet Crown a Amurka, ta kasa jure gudun manyan hanyoyin ƙasar, cinikin ya faɗi warwas. Mutanen Japan ba su yi fushi sun zauna ba, komawa gida suka yi suka duƙufa kan gyaran aikinsu.

Cikin shekara goma sai ga sakamako. Honda, wanda aka sani da babura, ya fito da S500 a shekarar 1963, da S600 a shekarar 1964, ƙananan motoci waɗanda sarƙa ke juya ƙafafunsu na baya kamar babur. A shekarar 1967 Toyota ya haɗa kai da Yamaha suka fito da 2000GT. Kimanin guda 350 kaɗai aka ƙera har zuwa 1970, katakon da ke gaban direba kuwa aikin kamfanin da ya gwanance wajen ƙera fiyano ne. A wannan shekara ta 1967 kuma Mazda na birnin Hiroshima ya fito da Cosmo Sport, mai wani irin inji wanda ba shi da fistin mai hawa da sauka, sai wani ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyawa a ciki. Wani Bajamushe, Felix Wankel, shi ya ƙago dabarar, amma injin ya kan cinye bangon cikinsa da wuri. Injiniya Kenichi Yamamoto da mutanensa suka yi shekaru suna fama kafin su shawo kan wannan cuta.

Wadda ta fi duka tashe ita ce Datsun 240Z, wadda ta fito a ƙarshen shekarar 1969. Injinta mai silinda 6 ne a jere, tana gudun kusan kilomita 200 a sa'a guda, ga kyaun sura irin na motocin Turai masu tsada, ga kuɗi daidai aljihun ma'aikaci. Yutaka Katayama, shugaban Nissan a Amurka a lokacin, shi ya tsaya kai da fata sai an yi ta. Ta nuna kanta a nan nahiyarmu ma, domin ita ta ci tseren Safari na Afirka ta Gabas a shekarar 1971 a hannun Edgar Herrmann, ta kuma maimaita a 1973 a hannun Shekhar Mehta, cikin ƙura da taɓo da duwatsu waɗanda suka karya motocin Turawa da dama.

Dokokin hayaƙi da tsadar man fetur ta shekarar 1973 suka rage wa wannan zamani armashi. Amma daga 1989 aka sake wani sabon yayi, lokacin da kuɗi ya yalwata a Japan: Nissan Skyline GT-R mai lamba R32 da Mazda MX-5 a 1989, Honda NSX mai jikin alminiyam a 1990, Toyota Supra mai lamba A80 a 1993. Ita R32 tsere 29 ta shiga a gasar ƙasarta tsakanin 1990 da 1993, ba a kayar da ita ko sau ɗaya ba. Saboda haka wanda ya tsaya gaban ɗaya daga cikin motocin nan, tarihin wata al'umma ya ke kallo, wadda aka raina aikinta, ta gyara shi har masu rainin suka koma almajiranta.

Mai Kallo

Mai kallo shi ne talakan wannan sha'awa, ba mu kuwa raina shi ba. Ba ya bukatar ko sisi, sai ido da ƙwaƙwalwa. Ya kan hangi fitilar baya ya faɗi shekarar da aka ƙera mota, ya kan ji ƙarar inji daga nesa ya bambanta mai fistin da mai juyawa. A Japan su kan taru a wani wurin hutawar matafiya da a ke kira Daikoku, a Yokohama. A Amurka kuma tun shekarar 2005 a ke yin taron nunin tsofaffin motocin Japan a Long Beach ta jihar Kalifoniya. Da yawa daga cikin matasan da ke zuwa ba a hanya suka fara ganin motocin ba, a wasan kwamfuta ne mai suna Gran Turismo, wanda ya fito a 1997, ko a majigin The Fast and the Furious na 2001.

Amfanin mai kallo shi ne shi ke gano abin da ya ɓata. Shi ke hango mota a bayan gida an lulluɓe ta da tamfol, ko a tsohon gareji kaji suna ƙwai a kujerarta, ya tambayi mai ita, ya kai labari ga wanda zai iya ceto ta. Daɗin daɗawa, saninsa shi ne garkuwar mai saye, domin wurin da masu ido suka yi yawa, maha'inci ba ya sakewa.

Mai Saye

A nan ne wahalar ta ke. Abu biyu suka haɗu suka fitar da motocin nan daga ƙasarsu. Na fari, a Japan riƙe tsohuwar mota akwai tsada: sabuwar mota a kan kai ta binciken hukuma bayan shekara 3, daga nan kuma kowace shekara 2, sa'an nan in motar fetur ta wuce shekara 13 sai a ƙara mata haraji. Na biyu, Amurka tana da doka tun 1988 wadda ta hana shigo da motar da ba a ƙera bisa ƙa'idodinta ba, sai ta cika shekara 25. Saboda haka masu sha'awa a can su kan zauna suna lissafi kamar mai jiran ganin wata. R32 ta halatta a 2014, R34 ta 1999 kuma ta halatta a 2024. Tun kafin ranar ta zo dillalai sun saye sun jibge a rumbunan ajiya a Japan, farashi ya yi ta hawa. Motar da saurayi ɗan Japan ke iya saye da albashinsa a dā ta fi ƙarfinsa, ɓarayi kuma suka sa ido a kan waɗanda suka rage a hannun masu su.

Duk inda kuɗi ya taru, algus ba ya nisa. A kan mayar da agogon tafiyar mota baya don a ce ba ta sha hanya ba. A kan cike ramin tsatsa da ƙullun bodi a shafa fenti mai ƙyalli. A kan ɗauki Skyline gama-gari a yi mata ado da tambarin GT-R, tun da ya ke ta ainihi ba ta da yawa. Ta shekarar 1973 ma guda 197 kacal aka ƙera. Wanda ya ga hoto a intanet ya aika da kuɗinsa wata ƙasa, ya yi cinikin biri a sama.

Masu sanin abin sun yi wa mai saye gargaɗi iri ɗaya, mu ma muna maimaita shi. Ya je da kansa, ko ya aiki wanda ya amince da idonsa. Ya fara duba ƙarƙashin mota kafin samanta, domin a 240Z tsatsa ta fi cin daɓen ciki, da ƙarafan da ke ɗauke da jiki, da ƙarƙashin mazaunin batir. Ya riƙe ɗan maganaɗisu ya bi jikin motar da shi, inda ya ƙi kamawa, ƙullu ne a wurin. Ya gwada lambar da ke kan takarda da wadda aka buga a jikin ƙarfe. In inji mai juyawa ne, a auna matsin iskar cikinsa, domin ƙananan ƙarafan da ke toshe kusurwoyinsa su ne ransa. Sa'an nan ya tuna araha ba ta ado: mota mai lafiyayyen jiki da mataccen inji ta fi mai inji mai rai da ruɓaɓɓen jiki, don gyaran inji yana da iyaka, amma tsatsa sai an buɗe a ke sanin zurfinta.

Akwai wani abu kuma da akawuna za su fi kowa ganewa. Motoci biyu iri ɗaya, shekara ɗaya, launi ɗaya, sai a ga ɗaya ta fi ɗaya daraja nesa ba kusa ba. Dalili? Ɗaya tana da fayil: rasit na ranar da aka saye ta, da littafin da a ke rubuta juyen baƙin mai, da takardar kowane gyara da sunan wanda ya yi shi. Ɗayar kuwa sai bakin mai ita. Ashe alƙalami ma yana cikin kayan gyaran mota.

Mai Gyara

To, ga wanda mu ka ce shi ne ginshiƙi. Aikinsa ba na gaggawa ba ne. Ya kan kwance motar kaf, har ba abin da ya rage sai ƙwarangwal. Kowane ƙusa da noti sai ya ɗauki hotonsa, ya sa shi a leda, ya rubuta inda ya fito, domin wanda ya dogara ga tunaninsa, bayan shekara biyu zai tarar da kwandon ƙarafa bai san gidansu ba. Sa'an nan a kankare tsohon fenti har a tarar da farin ƙarfe, a yanke duk inda ya ruɓe, a lanƙwasa sabon falle daidai da tsohon, a yi walda a hankali kada zafi ya karkatar da jiki. Inji kuma a wanke shi, a auna kowace silinda, a sake zobban fistin da duk abin da ya cinye. Kafireto biyu ne a 240Z, sai an daidaita su suna shaƙar iska daidai wa daida kafin inji ya yi magana da murya ɗaya. Bayan wannan ga wayoyin lantarki, ga birki, ga robobin ƙofa da na gilashi, ga ɗinkin kujeru. Mai yin wannan bayan tashi daga aiki ya kan kwashe shekaru, sau da yawa kuma abin da ya kashe ya kan zarce abin da motar za ta yi a kasuwa.

Wani abin mamaki shi ne, motar 1970 ta fi ta 1995 sauƙin rayawa. Ta farko ƙarfe ce da waya, abin da ya ɓata maƙeri zai iya ƙera shi. Ta biyun kuwa tana da 'yar kwamfuta mai sarrafa inji, wadda kayan cikinta su kan tsufa su zubar da ruwa su ci allonta, ga kuma kayan roba da ke bushewa su farfashe. Saboda haka mai gyara na yanzu sai ya haɗa sanin ƙira da sanin lantarki.

Kamfanonin da kansu sun gane darajar wannan aiki. A shekarar 1996 Nissan ya shiga sayen tsofaffin 240Z a Amurka, ya sa aka gyara su, ya sake sayar da su ta hannun dillalansa. Waɗanda aka gama ba su kai 40 ba, domin aikin ya fi yadda aka zata wuya da tsada. A shekarar 2017 Mazda ya buɗe aikin raya MX-5 na farko, har aka sa Bridgestone ya sake yin irin tayar da suka fito da ita. A wannan shekarar Nissan ya koma ƙera kayan gyaran R32, Toyota kuma ya bi sahu a 2020 da kayan Supra da na 2000GT. Amma misalin da ya fi burge mu shi ne na motar nan da ta ci tseren Safari a 1971. A shekarar 2013 wasu ma'aikatan Nissan suka sadaukar da lokacin hutunsu suka tayar da ita har ta sake gudu, amma suka bar mata lotsewar da hanyoyin Afirka suka yi mata. Sun san tabon nan shi ne shaidarta.

Masu gyara suna da gardama a tsakaninsu. Wasu sun ce a mayar da kome yadda ya fito daga masana'anta, wasu sun ce a sa sabon birki da inji mai ƙarfi, mota ta yi daidai da zamani. Mu a ganinmu mai abu shi ke da iko da abinsa, sai dai da sharaɗi biyu: ya adana abin da ya cire, ya kuma faɗi gaskiyar abin da ya sake ranar da zai sayar. Wanda ba mu ga uzurinsa ba shi ne mai saye ya kulle a ɗaki, ba ya tuƙawa, ba ya bari a gani, yana ƙirga riba. Hausawa sun ce amfanin abin ado ɗaurawa. Mota kuwa in ta daɗe a tsaye, robobinta su kan bushe, mai ya daskare a kafireto, birki ya cije. Mai ɓoyo yana kashe abin da ya ke tsammanin yana tsarewa.

Masu Suka

Wani zai ce duk wannan almubazzaranci ne, ga mabukata a ko'ina. Wani kuma zai ce tsohuwar mota ta fi hayaƙi, ba ta kuma da kariyar da sabuwa ke da ita in an yi karo. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, ba za mu yi musu a kanta ba. Motar 1971 ba ta ɗaukar iyali zuwa doguwar tafiya ba ce, wanda kuma ya ci bashi ya saye ta alhali kuɗin makarantar yara na jira, ya yi wauta. Daidai ruwa daidai tsaki.

Amma a duba inda kuɗin mai gyara ke tafiya. Yana shiga hannun mai walda, da mai fenti, da mai ɗinkin kujera, da mai aikin waya, da yaron da ke miƙo sifana yana kallo yana koyo. Irin wannan sani ba ya zama a littafi shi kaɗai, daga hannu zuwa hannu ya ke tafiya. Ranar da tsohon da ya iya daidaita kafireto da kunne ya kwanta dama bai koya wa kowa ba, an rufe wata makaranta ke nan. Duniyar da ta saba da yar da abu da zarar ya yi tari, tana bukatar mutanen da za su tuna mata cewa abin da aka ƙera da kyau ya cancanci a riƙe shi da kyau.

Abin Da Ya Shafe Mu

Ba muna cewa malamai da akawuna su tashi su yi odar Skyline daga Japan ba ne. Ban da tsada, motocin da aka yi don kasuwar Japan sitiyarinsu a dama ya ke, Nijeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, doka ba ta yarda da irin wannan sitiyari ba. Amma sunan Datsun da Toyota ba baƙo ba ne a wurinmu. Manyanmu sun shiga tasi ƙirar Datsun a shekarun 1970 da 1980, makanikanmu kuma a kansu suka koyi sana'a. Ƙasarmu ta Arewa ma tana da wata falala: ba mu da ƙanƙarar da ke sa a watsa gishiri a hanya, iskarmu kuma busasshiya ce yawancin shekara, saboda haka ƙarfe ya kan daɗe bai ruɓe ba, ko da ya ke rana tana cin fenti da roba. Ga gwanayen ƙarfe a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, waɗanda in an ba su lokaci da ladan da ya dace, ba abin da zai gagare su. Duk da haka tsofaffin motocinmu sai ƙarewa su ke yi a hannun 'yan gwangwan, a yanka a ɗora a sikeli.

Shawararmu guda biyu ce. Ta farko, makarantun koyon sana'a su nemi tsohuwar mota ko da guda ɗaya, a ba ɗalibai su kwance ta su raya ta tun daga ƙwarangwal, kowane mataki a rubuce. Yaron da ya yi wannan sau ɗaya ya bar sahun masu canja kaya da ka, ya shiga sahun masu sanin dalili. Ta biyu, duk mai abin hawa, ko da babur ne, ya buɗe masa littafi tun yau, ya rubuta ranar juyen mai da kowane gyara. Wanda kuma ke da tsohuwar motar mahaifinsa a bayan gida, ya yi tunani sau biyu kafin ya kira mai sikeli.

Mutanen Japan da haƙuri da kula suka fitar da kansu daga raini, masu raya motocinsu kuma da haƙuri da kula su ke aiki. Wannan hali ba a sayensa a gwanjo, ba kuwa sai mai dala ke iya mallakarsa ba. Allah ya ba mu ikon riƙon abin da ke hannunmu, amin.